An Haɗa Ni da Surukina a Shafin Wiki

Daga:
Malama Naja'atu Halliru,
Makarantar Firamare ta Tudun Marke,
Gummi, Jihar Zamfara.

Litinin, 13 ga Nuwamba, 2017.

Zuwa ga:
Mai Girma Darakta,
Cibiyar Hasken Alli ta Horas da Malamai Daga Nesa,
Gusau.

GAME DA: ƘORAFI KAN HAƊA NI DA MAHAIFIN MAIGIDANA A SHAFIN WIKI, DA SHIRIN CIRE SUNANA DAGA KWAS RANAR 30 GA NUWAMBA

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ladabin da ya dace da kujerarka, tare da fatan kana lafiya kai da iyali da ma'aikatan Cibiya, ni ce mai suna a sama, malamar aji biyar. Ina cikin malaman firamare na Anka da Gummi da Bukkuyum da Cibiyarka ta ɗauka a kwas ɗin koyon tsara darasi ta intanet, wanda aka buɗe ranar 11 ga Satumba na wannan shekara.

Dalilin wannan takarda shi ne, an aiko mini da gargaɗi cewa idan ban yi gyara a shafinmu na wiki ba kafin ranar 30 ga wannan wata, za a cire sunana daga kwas, in rasa satifiket ɗin da na daɗe ina buri. An rubuta a gargaɗin cewa ba na aiki. Yallaɓai, ina aiki. Abin da ya hana a ga aikin nawa shi ne zan bayyana a ƙasa, kuma ina roƙon a karanta da haƙuri, domin maganar tana da ban dariya ga wanda ba a gidansa take faruwa ba.

Kafin in fara, ina neman afuwa a kan abu ɗaya. Mutumin da wannan ƙorafi ya shafa tare da ni surukina ne, mahaifin maigidana, hedimastan wata makaranta a nan Gummi, kuma shi ma ɗalibin wannan kwas ne. Ba zan iya rubuta sunansa ba, kamar yadda ba na iya faɗinsa da baki. Zan riƙa kiransa Baba Hedimasta. Duk wanda ya buɗe rukuninmu zai gane shi, domin sunansa ne ke manne da nawa.

Ga ƙorafe-ƙorafena:

1. Yadda aka haɗa mu. A makon farko jami'in da ke kula da rukuninmu, Malam Usama, ya bayyana mana cewa wiki shafi ne da mutane ke rubutu a cikinsa tare, kowa na iya shiga ya ƙara, ya rage, ko ya gyara abin da ɗan'uwansa ya rubuta. Ya raba mu biyu-biyu, kowane biyu su tsara darasi guda. A rukuninmu mu huɗu ne. Ya haɗa Malam Abdullahi na Anka da Malama Sa'a ta Nasarawa Burkullu, sannan ya haɗa ni da Baba Hedimasta. Hujjarsa kuwa, ya duba adireshinmu ya ga gida ɗaya muke. Har ya sanar a zauren WhatsApp na kwas cewa mu biyun nan mun fi kowa sa'a, tunda za mu iya zama tabarma ɗaya bayan la'asar mu tattauna aikinmu.

Yallaɓai, gaskiya ne katanga ɗaya ta zagaye mu. Amma tun ranar da aka kawo ni gidan nan ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba, ban taɓa cin ko gyaɗa a gabansa ba. Da safe daga nesa nake durƙusawa in gaishe shi, ya amsa yana kallon wani wuri. Idan yana zaure zan fita makaranta, takalmina a hannu nake wucewa. Babu wanda ya tilasta mini wannan, kuma ba na neman a 'yanta ni daga gare shi. Haka na taras ana yi, haka Innata ta yi wa nata surukin, kuma ni da shi muna zaman lafiya a kan haka. Da Malam Usama ya yi tambaya ɗaya kafin ya haɗa mu, da duk wannan takarda ba ta taso ba.

2. Rabon aikin. Ba a tsaya nan ba. An ce a kowane biyu, ɗaya ne zai shimfiɗa darasin, ɗayan kuma ya bi shi yana gyarawa. Aka ba Baba Hedimasta shimfiɗawa saboda shi ne babba, aka ba ni gyara. Wato saboda girmama shi aka ɗora mini aikin bin bayansa ina goge masa rubutu. Darasin namu shi ne Noma da Kiwo a Yankinmu, na 'yan aji biyar.

Shi kuma wannan wiki ba ya rufa wa kowa asiri. Yana da wani sashe da ake kira tarihin gyara, inda yake jera duk abin da aka taɓa. Abin da aka cire yana fitowa da ja, an ja masa layi a tsakiya, ga sunan wanda ya cire, ga sunan wanda aka cire wa, kuma duk malaman ƙananan hukumomin nan uku suna iya buɗewa su gani. Ma'ana, za a wayi gari a karanta daga Anka har Bukkuyum cewa Naja'atu ta goge maganar surukinta. Wannan mutum shi ya koya wa rabin mutanen Gummi riƙe fensir, har da maigidana, har da wasu daga cikin masu karantawar.

3. Takardar haɗin gwiwa. Banda wiki, an ba mu wata takarda ta intanet inda ake so mu riƙa shiga lokaci ɗaya muna tsara tambayoyin darasi. Idan mutum ya shiga, sunansa yana bayyana a sama da ɗan ɗigo mai launi, kuma ana ganin inda hannunsa yake tafiya a cikin rubutu. Ranar farko da na buɗe ta, ina zaune a ofishin malamai, sai na ga ɗigon Baba Hedimasta kore a sama. Ban san lokacin da na gyara mayafina na rufe wayar ba. Daga baya na samu labari cewa shi ma da ya ga nawa ɗigon ya bayyana, rufewa ya yi ya ba ni wuri. Haka muka riƙa yi. In na leƙa na gan shi in fita, in ya leƙa ya gan ni ya fita. Har yau takardar nan babu komai a cikinta sai bisimilla da ya rubuta a sama.

4. Kukan da na kai tun farko. Ranar 25 ga Satumba na aika wa Malam Usama saƙo shi kaɗai, na yi masa bayani a taƙaice, na roƙi a sauya mini abokin aiki. Ya amsa cikin fara'a cewa a wiki babu babba babu yaro, kowa daidai yake, kuma wannan shi ne kyawun abin. Ina girmama iliminsa, amma shi a Gusau yake kwana, ni kuwa idan na rufe wiki gida ɗaya nake komawa da babban da aka ce babu shi.

Da na sake matsawa, ya ba ni shawara in sauya sunana a shafin in sa sunan da ba a sani ba. Na bi umarni, na sa Tauraruwa. Sai dai mu biyu ne kacal a darasin, kuma kowa ya san Baba Hedimasta ba zai kira kansa Tauraruwa ba. Abin da na samu a ciki kawai shi ne Malam Abdullahi na Anka ya fara gaishe ni da wannan suna a zauren WhatsApp, abokan aikina na makaranta suka ɗauka, yanzu har 'yan aji biyar sun ji. Game da sauya abokin aiki kuwa, ya ce an riga an kulle rukuni, ba a buɗewa sai da izinin Darakta. Shi ya sa yau nake gabanka.

5. Hanyar da muka bi. Ban zauna na naɗe hannu ba. Darasin da Baba Hedimasta ya shimfiɗa yana da kyau ƙwarai, amma yana buƙatar gyara, kamar kowane rubutu. Ya yi tsawon da yaro ba zai iya karantawa a waya ba. Babu hoto ko ɗaya. Ya kuma sa Gummi a Jihar Sakkwato, saboda a can ya bar ta lokacin da ya fara koyarwa, hannunsa kuma ya saba. Duk na ga waɗannan, na kuma tsara yadda za a raba darasin gida-gida: gero da dawa, shinkafar fadama, sannan kiwo.

Sai batun wanda zai kai masa. Maigidana ba shi da amfani a wannan fanni, domin shi ne ɗan fari, kunyar da ke tsakaninsa da mahaifinsa ta kusa fin tawa. Idan suka haɗu a ƙofar masallaci, kowa sai ya tuna ya yi mantuwa. Saboda haka na nufi Goggo Uwani, wadda take taubashiyar Baba Hedimasta, 'yar ƙanin mahaifiyarsa. Wasan da ke tsakaninsu ya ba ta damar faɗa masa duk abin da ta ga dama, a gaban ko wane ne, kuma ba ta taɓa barin wannan dama ta lalace ba.

Tsarin shi ne, bayan na tashi makaranta in je wurinta in karanta mata gyaran, ta haddace, ta ja sandarta ta same shi a zaure. Ba zan ɓoye ba, saƙon ba ya isa yadda na aike shi. Ni nakan ce a roƙi Baba, idan ya ga dama, ya ɗan rage tsawon sashen farko. Ita kuwa ta tsaya a gaban abokan hirarsa ta sanar cewa wai ya cika surutu tun yana yaro, yanzu ga shi har na'ura ta gaji da shi. Batun Jihar Sakkwato kuwa, sai da ta tambaye shi ko yana so a kira masa mota ta dawo da shi gida. Shi dai ya yi dariya, ya rama abin da zai iya ramawa, ya ɗauki wayarsa ya shigar da gyaran da hannunsa. Da haka darasin ya gyaru tsaf, babu wanda ya ji kunya, babu jan layi a kan maganar kowa sai wanda mai maganar ya ja da kansa. A ganina wannan shi ne haɗin gwiwar da kwas ɗin yake koya mana, har ma mun ƙara mutum ɗaya.

6. Yadda aka ba da maki. Ashe na'ura ba ta san Goggo Uwani ba. Abin da take ƙirgawa shi ne sunan wanda ya danna. Duk gyaran da na yi ya tafi a sunan Baba Hedimasta, ni kuma gaban sunana fayau. A ƙarshen Oktoba Cibiya ta zaɓi darasinmu a matsayin wanda ya fi kyau a shiyyar, ta naɗa Baba Hedimasta gwarzon ɗalibi na wata, aka sa hotonsa a shafin farko da hularsa ta Sallah, aka yaba masa cewa shi kaɗai ya shimfiɗa, shi kaɗai ya gyara. Na yi murna da wannan har cikin raina, domin ya cancanta. Shekarunsa sun ja, ritaya ta kusa, da gilashi biyu yake karanta waya, amma bai taɓa fashin darasi ba.

A ranar da aka sa hoton nasa, wato 30 ga Oktoba, a ranar aka aiko mini da gargaɗin kora. Goggo Uwani ma tana da nata ƙorafin, cewa ita ta yi zirga-zirgar amma ba a sa hotonta ba. Na yi mata alkawarin zan ambata, ga shi na ambata.

7. Abin da ya biyo baya, wanda shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ban gaya wa Baba Hedimasta maganar gargaɗin ba, amma na gaya wa Goggo Uwani, wanda duk ɗaya ne. Washegari na gaishe shi, ya amsa kamar kullum.

Ranar 3 ga Nuwamba na buɗe shafinmu, sai na ga an taɓa sashen gero. An rubuta cewa a tsakiyar rani ake shuka shi. Na ɗauka kuskuren hannu ne, na aika Goggo. Ta dawo ta ce mini ya ce yana sane, kuma daga yau ya daina karɓar gyara ta bakinta, wanda aka ba aikin gyara ya shiga ya gyara. Nan na gane abin da yake nufi. Ya fahimci cewa muddin darasin ba shi da aibi, ba ni da abin da zan taɓa, shi ne yake ajiye mini kuskure a hanya don in samu abin ɗauka, na'ura ta rubuta sunana.

Ban taɓa ba. Da ya ga haka, sai ya zaci kuskuren ne ya yi ƙanƙanta. Bayan kwana biyu kaza ta fara shayar da 'ya'yanta nono a darasinmu. Da wannan ma bai yi aiki ba, saniya ta fara yin ƙwai, sau biyu a shekara, ana kuma kwashewa da sassafe kafin maraƙi ya fasa. Ranar Alhamis da ta wuce ya ƙara sashe sabo a kan raƙumi, inda ya bayyana cewa dabba ce mai tsoron sanyin ƙasa, shi ya sa take hawa reshen tsamiya ta kwana. Ya rubuta shi da kyakkyawar Hausa, da tambayoyi uku a ƙarshe don auna fahimtar ɗalibai.

Sauran 'yan rukuninmu suna da ikon shiga su gyara, amma babu wanda ya yi. Malam Abdullahi ɗalibinsa ne tun aji ɗaya, ya ce shi hannunsa ba zai iya ba. Malama Sa'a kuwa ta ce a Nasarawa Burkullu sai ta hau tudun bayan makaranta take samun sabis, kuma ba za ta hau tudu don ta je ta ƙaryata dattijo ba. Malam Usama ya gani, ya sa alamar dariya a ƙasa, ya rubuta cewa yana jiran mai gyara.

8. Abin da gari ke cewa. Yallaɓai, shafin nan ba mu kaɗai ke ganinsa ba. Tunda darasin ya ci gasa, an buɗe shi ga kowa, an kuma yi ta tura shi a waya. Yanzu a teburin mai shayi ana karanta sashen raƙumi ana shewa. Hure, Bafulatanar da ke kawo mana nono, ta tsaya a tsakar gida ta ce a nuna mata irin wannan saniya, domin ita tun tasowarta a ruga ba ta taɓa kwasar ƙwan nagge ba, kuma idan akwai iri tana so.

Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ba shi da sauƙi shi ne, mutane sun fara zuwa duba Baba Hedimasta. Suna shigowa zaure da murya ƙasa-ƙasa, suna tambayar ya jiki, alhali lafiyarsa lau. Wani tsohon abokinsa ya zo daga Anka takanas, ya zauna ya yi ta yi masa tambayoyi a fakaice, ko ya san yau wace rana ce, ko ya gane shi. Na ji kuma cewa wasu iyayen yara a makarantarsa sun fara shawarar ko lokaci ya yi da za a roƙe shi ya huta. Da kunnena na ji wata mata a gidan suna tana cewa tsufa ya taɓa kan Hedimasta, Allah sarki, mutum mai ilimi. Ina zaune a wurin, na san gaskiya, ban iya buɗe baki ba, domin in na faɗa na tona abin da shi bai so a sani ba.

Shi kuwa ko a jikinsa. Yana karɓar masu dubiya, yana yi musu godiya, yana sa a kawo musu ruwa. Bai gaya wa ko ɗaya daga cikinsu dalili ba.

9. Ƙoƙarina na ƙarshe. Kada a ce ban gwada ba. Ranar Juma'a bayan an tashi yara, na zauna a aji ni kaɗai, na buɗe sashen raƙumi, na danna wurin gyara. Na ɗora yatsa a kan kalmar farko. Abin da ya rage kawai in goge. Na san shi ya ba ni izini, na san abin da yake so ke nan, na san kuma ƙarya ce tsagwaronta ke rubuce a wurin. Amma da na tuna jan layin nan zai fito a kan maganarsa da sunana a gefe, ya zauna a tarihin shafi har bayan ransa da nawa, sai hannuna ya ƙi. Na rufe wayar na yi kuka, ba don satifiket ba. Na yi kuka ne don ban taɓa sanin yana ɗaukata da wannan daraja ba, tunda tsakaninmu ba a magana, kuma da na sani, ba ni da hanyar da zan ce masa na gode.

Na sake aika Goggo Uwani ta roƙe shi ya cire abubuwan nan, in ya so a kore ni. Ta dawo ta ce ya ce raƙumi na nan a kan tsamiya har sai mai gyara ta sauko da shi. Ta ƙara da nata, cewa mu biyun taurin kanmu ɗaya, ita kuma gwiwoyinta sun gaji.

Ranka ya daɗe, ba na ƙarar wiki, kuma ba na so a hukunta Malam Usama, yaro ne mai ƙoƙari da son aikinsa. Na ƙaru da kwas ɗin nan fiye da yadda na zata. Na koyi raba darasi gajere-gajere, na koyi sa hoto da murya, har na fara tsara wa 'yan ajina nasu ɗan shafin da za su riƙa rubuta sunayen itatuwan garinmu tare. Abin da nake cewa shi ne, wanda zai tsara wa mutane aikin gyara wa juna rubutu a bainar jama'a, ya kamata ya fara sanin su wane ne ke iya kallon idon juna.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon Mai Girma Darakta abubuwa kamar haka:

Na farko, a ba da izinin buɗe rukuninmu a haɗa ni da Malama Sa'a. Ni da ita ba mu haɗa komai ba sai aiki, zan gyara mata ta gyara mini har na'ura ta ƙoshi. Shi kuma Baba Hedimasta a nema masa tsaransa daga wani rukuni, kada a ba shi Malam Abdullahi, domin za a koma gidan jiya ne ta wata ƙofa.

Na biyu, a janye gargaɗin ranar 30 ga Oktoba, a kuma duba yiwuwar lissafa mini gyaran da ya bi ta bakin Goggo Uwani. Tana nan da ranta, a shirye take ta ba da shaida, sai dai ina ba da shawarar a ware mata lokaci mai yawa.

Na uku, don amfanin masu zuwa bayanmu, a riƙa tambayar malamai tun wurin rajista ko akwai wanda suke jin nauyinsa a cikin 'yan kwas, suruki ne, ko ɗan fari, ko tsohon malami. A kuma samar da wata ƙofa a shafin inda ƙarami zai ajiye shawararsa babba ya gani shi kaɗai, ya shigar da hannunsa, makin ya tafi ga mai shawarar. Idan kuma Cibiya tana son ganin gyara na gaske, ta riƙa haɗa taubasai. Za a samu gyaran da ya wuce buƙata.

Na huɗu, kuma shi ne wanda na fi roƙo. Idan duk waɗannan ba za su yiwu ba, to kada a jira ranar 30 ga wata. A cire sunana yau, a kuma sanar da Baba Hedimasta a rubuce cewa an cire, domin muddin yana ganin akwai sauran dama, ba zai daina ba, kuma Goggo Uwani ta tsegunta mini cewa ya fara tambayar abokansa abin da suka sani game da jaki. Satifiket zan iya sake nema baɗi. Shi kuwa shekara talatin da wani abu ya yi yana gina sunan da yake zubarwa saboda ni, kuma ba shi da wasu talatin ɗin da zai sake ginawa. A taimake ni ya sauko da raƙumin nan da hannunsa, tun mutanen Gummi ba su gama yarda cewa ya ruɗe ba.

Ina roƙon afuwa idan na yi tsawo ko harshena ya zarce inda ya kamata. Allah ya ƙara wa Darakta lafiya da basira, ya sa a duba kukana da idon rahama.

Taka mai biyayya,

Naja'atu Halliru
Malamar aji biyar,
Makarantar Firamare ta Tudun Marke, Gummi.

Kwafi zuwa ga Malam Usama, jami'in rukuni. Ina roƙo kada a aika wa Baba Hedimasta kwafi. Goggo Uwani ta riga ta ji abin da ke ciki.